Makato Mai Awara da Ƙullutun Allon Kafaɗa

Shekara arba'in da ɗaya Makato Tamanaha ta yi tana juya dutsen niƙa da hannunta na dama. Duk wanda ya tashi a ƙauyensu na bakin teku, can arewacin tsibirin Okinawa, da awararta ya buɗe baki. Hodar kanti da sauran masu awara suka koma zubawa ba ta taɓa shiga rumfarta ba. Ruwan teku take ɗebowa da bokiti biyu daga bayan duwatsu, inda jiragen masunta ba sa tsayawa, da shi take sa madarar wake ta dunƙule. Kafin rana ta ɗaga mata sun yi layi da kwanoni, kowacce na so ta samu da zafinta.

Ba mace ce mai dogon labari ba. A ƙauyen aka haife ta. Yaƙi ya same ta da goyo, ta yi wata uku a cikin tsaunuka tana tauna ɗanyen dankali tana sa wa jariri a baki, ta sauko ta tarar babu gida babu akuya. Ita da mijinta Seikichi suka sake kafa komai, shi da rake, ita da wake. 'Ya'yansu uku. Biyu sun tafi birnin Osaka aikin masana'anta, babban kuwa, Morio, wanda aka goya a tsauni, ya zauna a gida yana tuƙa motar ɗaukar rake. Seikichi ya rasu ya bar ta da dutsenta, ta ci gaba da juyawa.

A shekarar da ta cika sittin da takwas ne kafaɗar ta fara magana. In ta tura sandar dutsen gaba sai ta ji wani abu ya yi ƙwas a bayanta, kamar igiya ta tsallake ƙulli, ciwo ya biyo baya ya kwanta a haƙarƙari. Ta ɗauka tsufa ne. Nabe ce ta gani. Nabe mai kifi ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kullum in ta gama talla sai ta zo ta zauna a kan buhun wake tana kurɓar ruwan awara tana zuba labarin gari.

"Ke Makato, tsaya. Sake miƙa hannun nan."

"Awara kika zo sha ko kallon bayana?"

"Miƙa dai, tsohuwar banza. Kai! Ƙwan agwagwa kika ɓoye a riga?"

"Wane irin ƙwai kuma?"

"Sauke hannun. Ya ɓace. Miƙa. Ga shi ya leƙo! Wannan abu har wasan ɓuya yake yi da mutane."

Nabe ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta ajiye kwano ta zo ta danna wurin da yatsa, ƙasa kaɗan da allon kafaɗa, ta ji shi da tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin fata. Daga nan ta tafi neman Morio. Da yamma sai ga Morio ya shigo rumfa ko takalmin gona bai cire ba, ya ce jibi za su asibitin garin Nago.

Likitan ƙashi ne ya gan su, Likita Agarie, mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai tabarau da hannuwa manya kamar na masunci. Ya sa ta rungume kafaɗar hagu da hannun dama, ƙullutun ya fito fili. Ya sa ta sauke, ya shige ƙarƙashin ƙashi. Aka tura ta cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, aka soka allura aka ɗebo ɗan nama, aka ce su dawo bayan mako biyu.

Da suka dawo ya tarbe su da fara'a.

"Iya, ki kwantar da hankalinki. Ƙullutu ne mara lahani. Kin ga yadda tafin hannu ke yin kanta in ya daɗe yana riƙe fartanya? To haka naman da ke tsakanin allon kafaɗa da haƙarƙari ya yi, saboda gogayya. A tsibiranmu muna yawan ganinsa wurin tsofaffin da suka ci aiki da hannu. Da ba ya damunki da na ce a bar shi. Tunda yana hana ki aiki, gara a cire."

Makato ta sunkuyar da kai ta yi godiya. Sai ma'aikaciyar jinya ta ce, "Iya, ki ɗan zauna a waje, likita zai ga ɗanki." Ta fito ta zauna a benci. Tana kallo Morio ya bi likita har ƙarshen baranda, suka shiga wani ƙaramin ɗaki, aka ja ƙofa.

Ta san ɗakin nan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ita aka kira cikin irinsa. A lokacin wani likita ya dubi Seikichi da fara'a ya ce gyambon ciki ne, ƙaramin aiki, gara a yi. Sannan ya kai ta ƙarshen baranda, ya ja ƙofa, ya kunna allon haske, ya ce ciwon daji ne, wata shida in an yi sa'a. Haka ake yi a lokacin, kuma ba wanda ya ɗauke shi ha'inci. Mara lafiya ba a ɗora masa nauyin ranar mutuwarsa, dangi ne ke ɗauka a madadinsa. Makato ta ɗauka. Aka buɗe cikin Seikichi aka duba aka mayar aka ɗinke, ya farka ta ce masa an cire gyambon tas. Wata bakwai tana dafa masa kunun shinkafa tana yi masa zancen raken baɗi. Ko sau ɗaya muryarta ba ta yi rawa ba, har mutanen gari suna yaba mata.

Saboda haka da Morio ya fito ya ce, "Inna, babu komai, ranar aiki kawai muka tsayar," ta ce, "To, madalla," da irin muryar da ta san ana amsawa da ita.

Daga ranar ta zuba masa ido. Morio mutum ne da bai iya magana mai laushi ba, ko sannu zai yi maka sai ka ji kamar bashi yake bi. Amma washegari ta fito da bokitanta sai ta tarar an riga an cika randa da ruwan teku. Bayan kwana biyu ya kawo mata mangwaro a kwali, irin wanda ake kai wa baƙi. Ta ji shi a waya yana gaya wa ƙaninsa na Osaka ya yi ƙoƙari ya zo bikin tunawa da kakanni na bana, yana magana ƙasa-ƙasa. Kowane ɗaya ta gane shi, don duk ta yi su da hannunta.

Ta daina jiƙa wake. Matan gari suka zo da kwanoni suka koma. Ta ciro farin likkafanin da ta ɗinka wa kanta tun shekarar da ta cika sittin, ta shanya shi a bayan gida ya sha iska, ta linke. Da ranar aikin ta matso ta gaya wa Morio ba za ta je ba.

"Haba Inna! An ba mu gado, an ba mu rana."

"A ba wani."

"Me ya sa?"

"Ba na son wuƙa. In zan kwanta, in kwanta da jikina a haɗe."

"Wa ya ce za ki kwanta? Likita a gabanki ya ce ba komai!"

"Ya ce."

Da Morio na da ne, da ya daki ƙofa ya fita yana faɗa. Wannan sai ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Inna, don girman Baba ki yi haƙuri ki je." Jin haka zuciyarta ta ƙara tabbata.

Nabe ta zo da rana tsaka ta same ta zaune a rumfa, dutsen niƙa a wanke a bushe, an rufa masa buhu.

"To, gawa, sannu da hutawa. Yaushe ne jana'izar, in sa a ajiye min kifi mai kyau?"

"Ki zauna in za ki zauna."

"Mako uku ke nan ina cin awarar kanti. Kamar soso. Jikokina sun ce in ba za ki mutu da wuri ba ki tashi ki niƙa."

Makato ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Matar ɗanki tana da ƙarfin hannu. Ki turo ta ta ɗauki dutsen, in nuna mata yadda ake gyara haƙoransa tun ina iyawa."

"Ke wai me ke damunki? Na tsare Morio a bakin hanya, na ce ya dube ni. Ya rantse min da kabarin ubansa ba mugun ciwo ba ne."

"Ni ma na rantse wa Seikichi. Kina zaune a wurin, Nabe. Ke kika kawo masa romon kifi kika ce ya yi sauri ya warke ya raka mijinki kamun kifin baɗi."

Nabe ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "To in gaskiya suke faɗa fa? In ƙullutun banza ne kika zauna kina jiran mutuwar da ba ta san da ke ba?"

"Ta yaya zan sani?"

Tambayar ta zauna wa Makato a ƙirji. Ita kanta sai da ta furta ta ta gane cewa ba mutuwar ce ta fi ci mata rai ba. Ta ga mutuwa tun tana da goyo. Abin da ke hana ta sukuni shi ne kowa a gidan ya san wani abu game da jikinta, ita kaɗai aka bari a benci.

Ranar Talata, bayan Morio ya fita da mota, ta sa rigarta ta zuwa biki ta hau bas ɗin safe ita kaɗai. Ta jira har aka gama ganin masu karaya da masu ciwon gwiwa, sannan aka kira ta. Likita Agarie ya ɗaga kai ya duba bayanta yana neman ɗan rakiya.

"Iya, ke kaɗai? An ce min kin fasa."

"Likita, tambaya ɗaya na zo da ita. Da a ce mugun ne, me za ka ce min?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ta ga yana neman hanyar zillewa, ta kuma ga lokacin da ya fasa nema.

"Da na ce miki ƙullutu ne mara lahani, gara a cire."

"Ran nan me ka ce min?"

"Ƙullutu ne mara lahani, gara a cire."

"To ka gani."

"Na gani, Iya."

Ya jawo takardar sakamakon gwaji zai nuna mata, ta ɗaga hannu. Ta ce ba ta iya karanta rubutun likitoci ba, kuma mijinta ma an nuna masa takarda. Ya mayar da ita. Mutum ne da ya saba a yarda da shi, yau ga shi gaskiya ce tsantsa a bakinsa amma ba ta da inda za ta shiga.

"Ban san da me zan rantse miki ba," ya ce.

"Ba rantsuwa na zo nema ba, na san farashinta. Ɗakin nan na ƙarshen baranda, can za ka kai ni."

"Ai na dangi ne."

"Mijina ya mutu, iyayena sun mutu. Wa ya fi ni kusa da matar nan? Shekara sittin da takwas ina ɗawainiya da ita. Ka kai ni can ka ja ƙofa ka gaya min abin da ke damunta, yadda kuke gaya wa dangi."

Ma'aikaciyar jinya ta sa hannu ta rufe baki. Likita bai yi dariya ba. Ya tashi ya ce a kawo hotunan Tamanaha duka, ya wuce gaba, Makato ta bi shi.

Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba: tebur, kujeru huɗu, allon haske a bango. Ya ja ƙofa. Ta zauna a bakin kujera ta ɗora jaka a cinya, ta kafa wa hannuwansa ido, don ta san a ɗakin nan likita ba ya kallon fuskar mutum in labarin ba daɗi, takarda yake ta gyarawa. Shi kuwa ya kunna allon ya liƙa hoto ya juyo ya dube ta.

"Mara lafiyar tana da ƙullutu a nan. Wannan allon kafaɗa ne, waɗannan haƙarƙari, ga shi kwance a tsakani. Girmansa ya kai dunƙulen hannunta. Kin ga zane-zanen nan a cikinsa, fari da duhu, jere kamar naman cikin alade?"

"Na gani. Irin naman nan mai hawa uku, tsoka da kitse."

"Kitse ne da jijiya suka saƙu. Mugun ƙari ba ya jeruwa haka, cin abin da ke kusa da shi yake yi. Wannan ko ƙashin da ya jingina da shi bai taɓa ba. Naman da muka ɗebo ma an duba, zare ne kamar na roba, babu ƙwayar daji. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Na cire irinsa goma sha huɗu a asibitin nan."

"Suna ina?"

"Suna gidajensu. Ɗaya ne ya rasu, shi ma daga kan rufin ɗaki ya faɗo yana gyara bayan guguwa."

Makato ba ta motsa ba. Duk wannan mai daɗi ne, kuma ta san mai daɗi ba shi da wuyar faɗa. Kamar ya ji abin da ke ranta, ya cire hoton ya liƙa wani.

"Yanzu ga abin da ban gaya mata ba. A hagu ma akwai. Ƙarami ne, bai fi ƙwan kaza ba, bai fara damunta ba, wataƙila ba zai taɓa damunta ba. Sau da yawa biyu suke zuwa. Na ga kamar zai tsorata ta, sai na gaya wa ɗanta kawai. Na kuma gaya masa dutsen niƙa da bokitan ruwa ne suka jawo, na tambaye shi yaya aka yi uwa mai shekarunta take wannan aiki yana gari. Na yi masa magana da zafi fiye da yadda ya kamata."

Ta tuna randar da ta tarar a cike.

"Sannan aikin ba wasa ba ne. Za a sa ta barci gaba ɗaya, kuma a shekarunta barcin yana da haɗarinsa, ko da kaɗan ne. Abin manne yake da haƙarƙari, sai an ɓamɓare shi, za ta zubar da jini. Za a bar mata roba a wurin kwana uku ko huɗu tana tsiyayar da ruwa. Hannun zai zauna a ɗaure mako uku. In ta yi gardama ta motsa shi ramin zai tara ruwa ya kumbura, sai mun zuƙe da allura. Kuma na ga alama mai gardama ce."

"Ƙwarai kuwa. Na san ta."

Sannan ta yi tambayar da ta yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da kalmomin da ta yi ta da su.

"Wata nawa ya rage mata?"

"Ban sani ba, Iya. Ba ƙullutun ne zai yanke ba. Hawan jininta ya fi ba ni tsoro. In za ta rage gishiri da kitsen alade…"

"Ba wannan muka shigo tattaunawa ba."

A nan ne dariya ta ƙwace masa, ita ma bakinta ya ɗan motsa. Ta ji kafaɗunta sun sauka, ta dama ta yi ƙwas. Ba rantsuwa ce ta shige ta ba. Abin da ya shige ta shi ne na hagun nan da aka ɓoye, da jinin, da haɗarin barci. Wanda ke lallashin mai mutuwa ba ya ƙara masa kaya.

"Dangi sun yarda a yi aikin," ta ce. "Da sharaɗi ɗaya. Abin da kuka ciro, ni za a nuna wa. Ba Morio ba."

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya aka yi aikin. Aka kwantar da ita a gefen hagu, aka jawo hannun dama gaba don allon kafaɗa ya ɗaga, likita ya tsaga ƙasa da shi ya bi tsakanin tsoka har ya kai ga abin, ya yi ta ɓamɓara a hankali sa'a ɗaya da rabi. Ita dai ta san an ce ta ƙirga, ta kai huɗu, sai ta farka da ƙishi da Morio a tsaye a kanta, idonsa ja.

Da la'asar ta wartsake, likita ya shigo da kansa riƙe da farantin ƙarfe an rufa masa ƙyalle. Al'ada ce a nuna wa dangi abin da aka cire kafin a kai ɗakin gwaji. Ranar aikin Seikichi ba a kawo mata faranti ba, don ba a ciro komai ba. Ya buɗe. Ga shi nan an raba shi biyu, fari-fari da zanen rawaya, gefensa ba tsari. Ta ce a sa mata safar roba a hannun hagu, ta danna shi da yatsa, ya lotsa kaɗan ya dawo.

"Wannan ne ya hana ni niƙa?"

"Shi ne."

"Ko a kyauta ba mai karɓar awara mai taurin nan."

Morio ya juya baya ya fita baranda, wai warin magani ya dame shi.

Bayan kwana takwas aka sallame ta. Kwana goma bayan nan wurin ya kumbura ya yi lutsu-lutsu, Morio ya ɗebe ta a motar rake suka koma. Likita ya soka allura ya zuƙe ruwa rawaya kusan rabin kofi, yana zuƙa yana faɗa.

"Me kika yi da hannun?"

"Ba komai."

"Iya."

"Shara ce kawai. Sai ɗan wake da na tsince."

"Nawa ne ɗan?"

"Rabin buhu."

Ya ɗaure ta da bandeji tam kamar kayan da za a ɗora a jirgi, ya ce in ta sake zai kwantar da ita wata guda a ɗakin da ba taga. Ta karɓi faɗan nan da daɗin rai.

A hanyar komawa suna bin gefen teku, rake a dama ya fara fitar da fure. Makato ta daɗe tana kallon waje. Tun tana asibiti wani tunani yake bin ta. Mako shida kawai ta yi tana karanta fuskar ɗanta, ba abin da ya wuce ta, ko mangwaro, ko sauyin murya a waya. Seikichi kuwa mutum ne da ke duban gajimare ya faɗi ranar ruwa. Wata bakwai yana kwance yana kallonta.

"Ubanka ya sani," ta ce.

Morio bai ɗauke ido daga hanya ba. "Ya san me?"

"Ya san ba gyambo ba ne. Ina ta yi masa zancen raken baɗi yana cewa to, to. Ni a zatona ni nake ɗauke masa kaya. Ashe shi ma nawa yake ɗauka. Muna ɗaki ɗaya, kowa shi kaɗai."

Motar ta ci gaba da tafiya. Can Morio ya ce, "Ya ba ni wuƙar saran rakensa wata biyu kafin ya rasu. Ya ce tasa ta fi tawa kaifi, in riƙe masa. Ban gaya miki ba."

Ta gyaɗa kai.

"Morio, wata rana mugun zai zo. In ba wannan ba, wani. Ranar ka gaya min."

"Inna, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Ka gaya min."

"Ba zan iya ba." Ya faɗa da ƙarfi, ya daki sitiyari da tafin hannu. "In dubi idonki in ce miki me? Ke kin iya da Baba?"

"Ban iya ba."

"To?"

Ta yi tunani. Gaskiyarsa ne, tana neman ya ɗauki abin da ita ta kasa. Ta gyara zaman hannunta a cikin majanyin da aka rataya mata.

"To kar ka faɗa. Ba sai ka buɗe baki ba. In likita ya ce in jira a waje zai gan ka, ka ce masa a'a, uwata tana da ƙafa. Mu shiga tare, shi ya faɗa, mu ji a lokaci ɗaya. Wannan za ka iya?"

Wata motar rake ta taho daga gaba, ya rage gudu ya raɓe mata, direban ya ɗaga masa hannu bai gani ba. Sai da suka sauka daga kwalta suka kama hanyar ƙauye, rufin gidaje ya fara bayyana, sannan ya share hanci da bayan hannu.

"Wannan zan iya," ya ce.